Sulke da Takobin Roba: Tarihin Shigar Barade a Wurin Magoya Bayan Ƙwallon Ƙafa na Ingila

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2022, ana cikin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a ƙasar Ƙatar, masu tsaron ƙofar filin wasa suka tare wasu Turawan Ingila saboda tufafin da ke jikinsu. Mutanen sun sa sulke na kwaikwayo, sun ɗora farar riga mai jan gicciye a ƙirji, ga kwalkwali a ka, ga garkuwa da takobin roba a hannu. Wato dai sun yi shigar baraden Turai na zamanin yaƙe-yaƙen Salibi. Kafin wasan Ingila da Amurka na ranar 25 ga watan, hukumar FIFA ta bayyana cewa ba za a bar mai irin wannan shiga ya shiga fili ba, domin a ƙasar Larabawa tana iya zama cin fuska ga Musulmi. Masu shigar kuwa suka ce su raha suke yi. Kuma gaskiya ne, an fi shekara ashirin ana ganin irinta a wasannin Ingila.

Wannan takarda za ta bi sawun wannan shiga, daga ina ta fito, yaya aka yi ta shigo filin ƙwallo, kuma me ya sa abin da aka daɗe ana yi wa dariya ya wayi gari ana tare shi a ƙofa. Dalilin kawo batun a ajin harshe shi ne, tufafi ma magana ce. Kamar yadda kalma take da asali, take kuma sauya ma'ana daga zamani zuwa zamani, haka riga take. Mai furta kalma ba shi kaɗai ke da iko da ma'anarta ba, mai saurare ma yana da nasa kason.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambanta abu biyu. Harshen ƙwallo a ko'ina harshen yaƙi ne. Duk wanda ya saurari labarin wasanni a rediyo da Hausa ya san ana kai hari, ana tsare gida, ana fafatawa, wata ƙungiya ta lallasa wata, wata ta sha kashi, wani lokaci a tashi kare jini biri jini. Yaranmu da ke cika gidajen kallo a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna sa rigar Arsenal mai hoton igwa a ƙirji, domin ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa ƙungiyar a 1886, kuma ba wanda ya taɓa jin tsoron wannan igwa. Irin wannan siffantawa ce kawai, ba ta ambaci wani yaƙi takamaimai ba, ba ta nuna wani da yatsa ba. Shigar barde mai jan gicciye kuwa tana da suna da adireshi: ta faɗi wane yaƙi, ta kuma faɗi da su wa aka yi shi.

2.0 Asalin Jan Gicciye a kan Farin Ƙyalle

A watan Nuwamba na 1095, a garin Clermont na Faransa, Paparoma Urban na Biyu ya yi kira ga Kiristocin Yammacin Turai da su tashi su nufi Gabas. Waɗanda suka amsa sai suka riƙa ɗinka gicciyen ƙyalle a kafaɗun rigunansu, alamar sun ɗauki alwashi. Daga wannan ƙyalle ne sunan yaƙe-yaƙen ya samo asali a harsunan Turai. A ranar 15 ga Yuli na 1099 rundunar ta shiga birnin Ƙudus, ta yi wa Musulmi da Yahudawan da ke ciki kisan kiyashi. Masanin tarihi Ibnul Asir, wanda ya yi rubutu fiye da shekara ɗari bayan faruwar abin, ya ce an kashe sama da mutum 70,000 a Masallacin Aƙsa. Masana na zamanin nan suna ganin adadin bai kai ko kusa da haka ba, amma ba mai musun cewa an yi kisan, tun da marubutan da ke tare da rundunar ma sun rubuta shi, har da alfahari.

To ina Ingila a cikin wannan? Rawar da ta taka a yaƙin farko kaɗan ce ƙwarai. Yawancin jagororin daga ƙasashen masu magana da Faransanci suka fito, shi ya sa marubutan Larabawa na lokacin suka kira su duka Faranj. Farar alkyabba mai jan gicciye kuwa, wadda ita ce shigar magoya bayan yau ta fi kama da ita, tufafin wata ƙungiyar barade ce masu rantsuwar zuhudu, wadda ake kira Templar, Larabawa kuma suna ce mata Dawiyya. An kafa ta a Ƙudus wajen 1119, Bafaranshe ne ya kafa ta, kuma sarkin Faransa ne ya ga bayanta, aka rushe ta a 1312, aka ƙone shugabanta na ƙarshe a birnin Paris a 1314.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Bayan Salahuddin Ayyubi ya karya rundunar Faranj a Hittin a watan Yuli na 1187, ya karɓi Ƙudus a watan Oktoba, sarakunan Turai sun taru a Gisors a farkon 1188 don shirya sabon yaƙi. A nan aka raba launuka don a gane kowace runduna: Faransawa su sa jan gicciye, mutanen Flanders kore, Ingilishi kuma fari. Ke nan a yaƙin Salibi guda ɗaya da sarkin Ingila ya jagoranta da kansa, launin da aka ware wa mutanensa fari ne, ja na Faransa ne. Bature ɗan Ingila da ya tsaya a ƙofar fili a Doha da jan gicciye a ƙirji, in ana maganar tarihi zalla, rigar maƙwabcinsa kuma abokin gabarsa ya ara.

Shi kansa Sarki Richard na Ɗaya, wanda ake wa kirari da mai zuciyar zaki, ya yi mulki daga 1189 zuwa 1199, amma zamansa a Ingila a matsayin sarki bai wuce wata shida ba, kuma Faransanci ne harshensa. Bai taɓa karɓar Ƙudus ba, sulhu ya yi da Salahuddin a 1192 ya juya. Abin da aka fi tuna shi da shi a Gabas shi ne ranar 20 ga Agusta na 1191, lokacin da ya sa aka fito da fursunoni Musulmi kusan 2,700 a bayan garin Akka aka karkashe su, a kan idon rundunar Salahuddin, saboda an yi jinkirin biyan fansa. Adalci ya wajabta a faɗi cewa shi ma Salahuddin ya sa an kashe baraden Dawiyya da aka kama a Hittin, ko da yake a Ƙudus fansa ya karɓa bai rama kisan 1099 ba. Jinin farko da wannan yaƙi ya zubar ta fuskar Ingila ma a cikin gida ne. A watan Maris na 1190, ana tsakiyar zumuɗin tafiya yaƙi, aka yi wa Yahudawan birnin York ƙawanya a cikin ganuwar sarki, kimanin mutum 150 suka halaka.

Jan gicciye ya zama na Ingila ne ta wata hanya daban, ta hanyar Waliyyi Jorj. Shi wannan bawan Allah, bisa riwaya, sojan Rum ne da aka kashe saboda addininsa na Kirista wajen shekarar 303. Bai taɓa taka Ingila ba. Kabarinsa yana garin Ludd na Falasɗinu, garin da ɗalibi Musulmi ya san sunansa daga hadisin Annabi Isa da Dujal. Larabawa suna kiransa Jirjis, Ɗabari ya kawo ƙissarsa a littafinsa na tarihi, kuma a Mosul ta Iraƙi akwai masallacin Annabi Jirjis har zuwa 2014 da mayaƙan ƙungiyar IS suka rusa shi. A ƙauyen Al-Khadir kusa da Baitalami, Kirista da Musulmi sun daɗe suna ziyartar wuri ɗaya da sunansa, domin mutanen yankin suna haɗa shi da Halliru. Ƴan Salibi sun ɗauke shi gwarzonsu ne bayan da aka baza labari cewa ya bayyana a kan farin doki ya taimake su a yaƙin Antakiya a 1098.

A Ingila, sojojin Sarki Edward na Ɗaya sun ɗaura alamar Jorj a yaƙin da suka yi da mutanen Wales a 1277. Edward na Uku ya sa ƙungiyar girmamawa ta Garter, wadda ya kafa a 1348, a ƙarƙashin sunansa. A 1385, da Richard na Biyu zai kai wa Sikotilan yaƙi, an yi doka kowane soja ya sa alamar gaba da baya. Haka kuma a Agincourt a 1415, inda aka gwabza da Faransa. Mai karatu zai lura cewa duk waɗanda Ingila ta yaƙa a ƙarƙashin wannan tuta a waɗannan ƙarnuka Kirista ne ƴan'uwanta. Tutar kuma ba tata ce ita kaɗai ba: biranen Genoa da Milan na Italiya suna da irinta, haka nan tana nan a kusurwar tambarin ƙungiyar Barcelona.

3.0 Yadda Aka Sake Ƙera Barde

In haka ne, ina aka samo wannan hoto na barde ɗan Ingila mai jan gicciye yana fuskantar Ƙudus? Amsar tana cikin ƙarni na 19. A 1819 marubuci Walter Scott ya fitar da littafin Ivanhoe, a 1825 kuma The Talisman, waɗanda suka mai da Richard gwarzon yara ƴan makaranta. A 1860 aka kafa gunkinsa a kan doki, takobi a sama, a gaban majalisar dokoki a Landan, yana nan har yau. Lokacin ne kuma daular Birtaniya ke faɗaɗa, tana bukatar labarin da zai nuna cewa tafiya ƙasar wasu da makami aikin alheri ne mai daɗaɗɗen asali.

Hukumomin Birtaniya sun san haɗarin wannan labari tun da wuri. A watan Nuwamba na 1917, sojojinsu suna dab da karɓar Ƙudus daga hannun Turkawa, gwamnati ta aika wa jaridu takardar gargaɗi cewa kada su kira wannan yaƙi na Salibi. Dalili a fili yake: akwai Musulmi a cikin rundunar, akwai miliyoyinsu a Indiya da Masar da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya, ga kuma Larabawan Hijaz da ke yaƙi a ɓangarenta. Janar Allenby ya shiga birnin a ƙasa, ba a kan doki ba, ranar 11 ga Disamba. Duk da gargaɗin, a cikin watan nan mujallar Punch ta buga zanen Richard yana hango Ƙudus daga kan tudu, wai burinsa ya cika. Abin da FIFA ta faɗa a 2022, ashe gwamnatin Birtaniya ta riga ta faɗa wa jaridunta shekara 105 kafin nan, kuma ba su ji ba.

A ɗaya ɓangaren ma an yi irin wannan sabon ƙiri. Kalmar Salibiyya a matsayin sunan waɗannan yaƙe-yaƙe ba ta tsofaffin marubutan Larabawa ba ce, ta yaɗu ne a ƙarni na 19 ta hanyar fassara daga littattafan Turai. Littafin tarihi na farko da Balarabe ya keɓe wa batun a zamanin nan, na Sayyid Ali al-Hariri, ya fito a Alƙahira a 1899, daidai lokacin da Turawa ke rarraba ƙasashen Musulmi. Shekara guda kafin nan Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ziyarci kabarin Salahuddin a Dimashƙa. A 1963, zamanin Jamal Abdul Nasir, Yusuf Shahin ya yi fim a kan Salahuddin wanda duk mai kallo ya gane da wa ake. Saboda haka ɓangarorin biyu duk sun ga barden ne ta madubin mulkin mallaka, ɗaya yana kallonsa daga kan doki, ɗaya daga ƙasa.

4.0 Daga Tuta Zuwa Sulke

Wanda ya duba hotunan wasan ƙarshe na kofin duniya na 1966 a filin Wembley, inda Ingila ta ci Jamus ta Yamma 4 da 2, zai ga tutar da ta cika filin ita ce ta Birtaniya gaba ɗaya, mai ja da fari da shuɗi. Zakin da aka yi alamar gasar ma ita ya sa a ƙirji. Jan gicciye kaɗan ne. Ya yi rinjaye ne a gasar Turai ta 1996, wadda Ingila ta karɓi baƙuncinta, kuma dalili ɗaya mai sauƙi ne: an haɗa Ingila da Sikotilan a rukuni ɗaya, suka kara ranar 15 ga Yuni, to ba yadda za a yi a ɗaga wa Sikotilan tutar da ita ma tana cikinta. A bikin buɗe gasar an fito da mahaya cikin kayan ƙarfe, aka kuma yi wasan Jorj yana kashe dodo. Daga nan fenti a fuska, hula, riga, har aka kai ga cikakkiyar shigar barde, wadda shagunan kayan wasa suka riƙa sayarwa da araha.

A nan akwai wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe, domin yana hana saurin yanke hukunci. Ƴan tarzomar ƙwallo na Ingila na ainihi, waɗanda suka addabi Turai a shekarun 1970 da 1980, har aka kai ga bala'in filin Heysel na ranar 29 ga Mayu 1985 inda mutum 39 suka mutu aka kuma kori ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai shekara biyar, ba sa shigar yaƙi. Akasin haka ma suke yi. Da yawansu sun daina sa ko da launin ƙungiyarsu, suka koma tufafi masu tsada irin su Lacoste da Fila da Sergio Tacchini, don ƴan sanda su ɗauke su ƴaƴan masu kuɗi su bar su su wuce. Mai niyyar faɗa ɓoyewa yake yi. Mai sulken roba kuwa so yake a gan shi, a ɗauke shi hoto, a nuna shi a talabijin. Shigar barade ta yaɗu ne a zamanin da aka tsabtace filaye, aka sa kujeru, aka tsawwala kuɗin shiga, kallon ƙwallo ya koma biki. Idan ana neman wanda zai fasa wa wani kai a bayan fili, da wuya a same shi cikin masu takobin roba.

Amma wannan bai wanke hoton yaƙi gaba ɗaya ba, kuma gasar 1996 ɗin ce ta nuna haka. Kwana biyu kafin wasan kusa da na ƙarshe da Jamus, jaridar Daily Mirror ta buga hoton ƴan wasan Ingila biyu, Paul Gascoigne da Stuart Pearce, an ɗora musu kwalkwalin sojan yaƙin duniya na biyu, tana kiran Jamus ta miƙa wuya. Editan ya ba da haƙuri daga baya, ya ce raha ce. Da Jamus ta yi nasara a bugun fanareti ranar 26 ga Yuni, aka yi tarzoma a dandalin Trafalgar, aka farfasa motoci ƙirar Jamus, a yankin Brighton kuma aka daɓa wa wani ɗalibi ɗan Rasha wuƙa saboda an zaci Bajamushe ne. Ba za a ce jarida ce ta riƙe wuƙar ba. Sai dai wanda ya yi rahar da wanda ya ɗauke ta da gaske a gari ɗaya suke kwana.

5.0 Ƙaho da Kwalkwali

Misalai biyu daga maƙwabtan Ingila za su taimaka. Magoya bayan Denmak da Norwe da Suwidin suna sa hular ƙarfe mai ƙaho, wai shigar kakanninsu Viking. Waɗannan kakanni mahara ne na gaske, sun ƙone gidajen ibada, kamar na Lindisfarne a 793, sun kama bayi. Hular mai ƙaho kuwa ƙirƙira ce. Kwalkwalin zamanin da aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ba shi da ƙaho, kuma wanda ya yaɗa hoton shi ne Carl Emil Doepler, mai tsara tufafin wasan waƙen Wagner a Bayreuth a 1876. Duk da haka ba a tare mai ƙaho a ƙofar fili. Magoya bayan Denmak ma lambar yabo ta ladabi suka samu a 1984. Dalilin shi ne babu wani mai rai a yau da ke jin cewa Viking na nan tafe gare shi.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a 2006, da Jamus ta karɓi gasar kofin duniya. Wani kamfani a Holan ya ƙera hulunan roba ruwan lemo, launin ƙasar, amma da siffar kwalkwalin sojan Jamus na zamanin Hitila, aka yi ta saye. Hukumar ƙwallon Holan ta nuna ƙin amincewarta. Jamus ta mamaye Holan daga 1940 zuwa 1945, ta yi wa Rotterdam ruwan bama-bamai a watan Mayu na 1940, kuma a 2006 waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu a ƙasashen biyu. Robar ɗaya ce da ta mai ƙaho, watakila ma masana'anta ɗaya. Abin da ya raba su shi ne ko miki ya warke ko bai warke ba.

6.0 Mikin da Aka Fama

Da a ce tsufan yaƙi ne ma'auni, da shigar Salibi ta bi sahun ta Viking, tun da tsakaninsu ƙarni biyu ne ko uku. Abin da ya hana shi ne an yi ta fama mikin, kuma a gaban idonmu. Ranar 16 ga Satumba na 2001, kwana biyar bayan harin da aka kai Amurka, Shugaba George Bush ya yi amfani da kalmar da ke nufin yaƙin Salibi wajen siffanta yaƙin da zai shiga. Fadarsa ta yi ƙoƙarin gyara maganar, amma Usama bin Ladan, wanda tun 1998 yake kiran abokan gabarsa da wannan suna, ya samu abin da yake nema. A 2007 ƙungiyar Inter ta Milan ta karɓi Fenerbahçe ta Turkiyya sanye da farar riga mai babban jan gicciye, ta ci 3 da nema. Rigar ta bikin cika shekara ɗari ce, gicciyen kuma tutar birnin Milan ce, amma wani lauya a Turkiyya ya shigar da ƙara yana neman a soke sakamakon. Ba a soke ba, kuma a ganina daidai ne da ba a soke ba, domin tutar gari ba takobi ba ce.

Abin ya munana bayan haka. A 2009 aka kafa ƙungiyar English Defence League a garin Luton, mai zanga-zangar ƙin jinin Musulmi. Da yawa daga mutanenta na farko daga gungun ƴan tarzomar ƙwallo suka fito, tambarinta kuma jan gicciye ne irin na barade. A ranar 22 ga Yuli na 2011 Anders Breivik ya kashe mutum 77 a Norwe, yana kiran kansa barden Templar. A ranar 15 ga Maris na 2019 wani ɗan bindiga ya kashe masallata 51 a masallatai biyu a birnin Christchurch na Niyu Zilan, ya rubuta a jikin makamansa sunaye da shekarun tsofaffin yaƙe-yaƙen Kirista da Musulmi. Babbar ƙungiyar wasan zari-ruga ta wannan birni sunanta Crusaders, wato Ƴan Salibi, kuma ta saba buɗe wasanninta da mahaya cikin shigar barade suna zagaya fili da takubba. Bayan kisan ta daina wannan, ta cire barde da takobi daga tambarinta kafin ƙarshen shekarar, amma ta riƙe sunan. Wasu suka ce ta yi rabi ta bar rabi.

Wannan shi ne kayan da sulken roba ya ɗauko ya kai Doha, ko mai shi ya sani ko bai sani ba. Ni ban ga dalilin ƙaryata mutanen da suka ce raha suke yi ba. Tambayar ita ce, raha da wa?

Mu a nan mun san wannan tambaya sarai, domin muna da wasan barkwanci tsakanin al'ummu, wanda hukumar UNESCO ta sa na Nijar a jerin al'adun duniya a 2014. Bafillace da Babarbare, ko Bagobiri da Bazabarme, suna iya jifan juna da maganar da in baƙo ya faɗe ta sai an raba faɗa, har da gorin wane ne bawan wane. Abin da ya sa ba a fushi shi ne wasan na mutum biyu ne, kowa ya gāje shi, kowa yana da damar ramawa, kuma an san inda iyakarsa take. Wanda ba abokin wasanka ba, in ya ari maganar ya jefe ka da ita, zagi ne, ko da yana murmushi. Haka nan kayan yaƙi a wurin biki ba baƙon abu ba ne gare mu. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, a farkon ƙarni na 15, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma har gobe ana fito da su a hawan salla, mahaya su zaburo da takubba da masu su ja linzami a gaban sarki. Ba wanda ke gudu, domin mai doki da mai kallo sun yarda a kan ma'anar abin: gaisuwa ce da mubaya'a. Tsakanin ɗan Ingila mai sulke da mai gadin ƙofa a Doha babu irin wannan yarjejeniya. Ɗaya ne ya yanke cewa wasa ne, ya kuma zo da shi gidan ɗayan.

Akwai masu cewa FIFA ba ta da bakin magana a kan ladabi, ganin irin surutun da ya biyo bayan ba Ƙatar gasar, musamman kan halin da leburori baƙi suka yi aiki a ciki. Wannan magana ce mai nauyi, amma ta wani zauren ce. A kan shigar barade, ƙungiyar Kick It Out ta Ingila, mai yaƙi da wariya a ƙwallo tun 1993, ita ma ta shawarci magoya baya da su bar ta a gida, ba sai an jira Larabawa sun yi magana ba.

Abin lura shi ne inda aka ja layin. Ba a hana jan gicciye ba. A wasan Ingila da Iran na ranar 21 ga Nuwamba, wanda Ingila ta ci 6 da 2, da wasanta da Amurka a filin Al Bait, wanda aka tashi babu ci, tutocin Jorj suna rataye a jikin shingayen fili, ɗauke da sunayen garuruwa da ƙananan ƙungiyoyin da masu su suka fito, kamar yadda aka saba gani a duk inda Ingila ta je wasa. Abin da aka tsayar a ƙofa shi ne sulke da garkuwa da takobi.